Zoben Ƙarya a Ƙahon Mocho

Ranar da taron garinmu ya zaɓi Chencho Noriega ya zama babban jagoran farauta, ni ma na ɗaga hannu. Dole na ɗaga, don matata Eduviges tana gefena tana zungurina da gwiwar hannu, kuma rabin mutanen Pozo Salado ni suke kallo, ba shi ba. Na yi murmushi har haƙorana suka bushe, na je na rungume shi na ce, "Allah ya taya ka riƙo, compadre." Haka muke kiran juna tun ranar da na riƙe masa 'yarsa a coci aka yi mata baftisma. Abin da ke raina kuwa a lokacin, gara da ba wanda ya gani.

Shekara goma sha huɗu ina bin bayan Don Apolinar, tsohon jagoranmu, a kan Dutsen Prieta. Don da Doña laƙaban girmamawa ne a wurinmu, na namiji da na mace. Ni ke ɗaukar madubin hangen nesa, ni ke gano sawu, ni ke zuba ruwa a kwami goma sha ɗaya da muka gina wa tumakin dutse. Da gwiwoyin tsohon suka gaza ya ce ya ajiye aiki, ba wanda ya yi shakkar cewa ni ne magajinsa. Sai wani ya miƙe daga bayan ɗakin taro ya ce ai maharban da ke zuwa Amurkawa ne, kuma Chencho yana jin Turanci. Magana ta ƙare a nan. Shekara ashirin da ya yi yana rufa wa mutanen birnin Tucson na Amurka kwanon gida ta rinjayi sha huɗun da na yi ina cin ƙaya a kan dutse.

Kada wani ya ce muƙamin banza ne. A da mu da iyayenmu muka kusa cinye tumakin nan tas, ni kaina na ci namansu ba sau ɗaya ba, har saura ba su kai talatin ba. Daga baya muka yi yarjejeniya da hukumar namun daji: takardar izinin harbi ɗaya a shekara, rago ɗaya, a sayar wa baƙon da ya fi kowa tayi. Kuɗin ragon nan guda shi ke sayen man tankar ruwa, shi ke biyan masu gadi shida, shi ya yi wa ɗakin shan magani rufi. Yanzu tumakin sun haura ɗari biyu. Sharaɗi ɗaya ne: ragon ya zama tsoho, shekara tara ko fiye, wanda ya gama barin iri. In aka harbi yaro, shekara mai zuwa babu takarda. Shekarun kuma a ƙaho ake karanta su, kowace shekara da zobenta. Wanda ke karanta zoben nan ya ce a harba, garin gaba ɗaya a bakinsa yake ci, kuma ni na so in zama shi.

Sati biyu bayan taron Eduviges ta ajiye mini karin kumallo, har da tortilla, gurasarmu ta masara, ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

"Tsoho, ka ci ko in ba kare. Kana tauna tortilla kamar ita ta zaɓe shi."

"Wa ya ce miki abin ya dame ni?"

"Fuskarka. Kaji ma sun daina zuwa kusa da kai."

"Mutumin da bai san kashin rago da na akuya ba, shi zai dame ni?"

"To ka koya masa mana. Ko bakinka ma Turanci yake jira?"

Na ture farantin na fita. Ta biyo ni da dariya har bakin ƙofa, kuma karen ya ci ƙwai da busasshen nama a ranar.

Da Chencho mugu ne, da na samu sauƙi. Abin haushin, mutumin kirki ne. Ya zo har gida da sabuwar hula ya ce tawa ta tsufa. A kantin Doña Cuca, a gaban kowa, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ni baki ne kawai, compadre shi ne ido." Mutane su yi dariya su ce ka ga shugaba mai sauƙin kai. Wato ko yabona ya yi, ladan nasa ne. Duk lokacin da ya dafa ni sai in ji kafaɗar ta yi mini nauyi har yamma.

Baƙon bana ya iso a tsakiyar Janairu. Sunansa Mista Lindgren, likitan haƙori daga jihar Montana ta Amurka, dattijo mai kusan saba'in, jajir da shi, ga tsawo ga tumbi. Kalma ɗaya ya iya a yarenmu, "bueno", wato "da kyau", kuma da ita yake gaisuwa, da ita yake godiya, da ita ya amsa lokacin da alfadari ya taka masa ƙafa. Tun a hanya shi da Chencho suka ɗinke. Suna gaba suna ta hira, ni ina baya da madubi da jarkar ruwa, ina jin sunana, Nicanor, yana wucewa a cikin Turancinsu, sai kuma dariya ta biyo.

"Me ka ce masa a kaina?"

"Na ce ba wanda ya san dutsen nan kamarka."

"Shi ne abin dariyar?"

"A'a, dariyar ta alfadari ce. Kai ma, compadre."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ban yarda ba a lokacin, kuma babu yadda zan yi in bincika.

Da safiyar farko, kafin mu bar masauki, Chencho ya ja ni gefe ya tambaye ni inda nake ganin za mu nufa. Ina da amsa. A can bayan dutsen, cikin wani kwazazzabo da ba kowa ke shiga ba, akwai tsohon rago mai shekara goma sha ɗaya, bakin ƙahonsa duk ya farfashe, tafiya ma da ƙyar. Tun bara nake lura da shi, na ajiye shi don ranar da zan fara jagora. Na dubi Chencho da sabon takalminsa na Amurka, na ce, "Kai ne jagora." Ya gyaɗa kai, ya ce to mu gwada gefen kwami na shida, tunda hawan bai da tsanani kuma gwiwar baƙon ba ta da kyau.

Kwana biyu muna yawo ba mu ga komai ba sai mata da 'ya'yansu. Ni dai daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Duk sa'ad da Chencho ya cire hula ya share gumi yana duban sama, sai in ji kamar an ba ni ruwan sanyi. Mista Lindgren kuwa ko a jikinsa. Ya zauna ya yi ta kallon wata tunkiya tana shayar da ɗanta kusan awa guda, yana ta "bueno, bueno" ƙasa-ƙasa.

A rana ta uku da hantsi muka same su. Mun bar masu alfadarai a ƙasa, mu uku muka rarrafa zuwa bayan wani falalen dutse. A ƙetaren kwari, kan wata 'yar baranda ta dutse, raguna uku na kwance suna tuƙa. Biyu ƙanana ne, ko makaho ya sani. Na ukun ya ɗaga kai, ƙahonsa ya zagayo har ya kusa taɓa ido, kauri kamar cinyar mutum. Na ji numfashin baƙon ya canza.

Chencho ya kafa madubi ya daɗe a kai. Ina ganin leɓensa na motsi. Ya ɗago ya murza ido, ya koma ya sake ƙirgawa. Sannan ya matsa gefe ya yafuto ni.

"Compadre, zo ka duba. Zobe nawa ka gani?"

Na sa ido. Kafin in kai ga ƙahon na ga kunnen hagu, rabinsa babu. Mocho ne.

Ni na sa masa sunan, don haka muke kiran duk dabba mai guntun kunne. Na fara ganinsa yana ɗan jariri a bakin kwami na shida, jini na ɗiga daga inda dila ya yage shi, uwarsa na lasa. A watan da na aurar da 'yata ne, saboda haka ba zan ɓata lissafi ba: shekararsa bakwai. Yana da biyu aka yi babban fari, yana da uku aka maimaita. Duka shekarun biyu tankarmu ta lalace a tsakiyar zafi, kwami suka bushe, tumaki suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu. Rago in ya sha irin wannan wahalar ƙahonsa tsayawa yake, in ruwa ya sauka ya ci gaba, sai tsayawar ta bar layi. Zoben ƙarya muke ce masa. Na gaske yana zagaye ƙahon gaba ɗaya, farce na shiga ciki. Na ƙarya daga waje kawai yake, in ka bi shi ta ciki sai ya ɓace. Daga ƙetaren kwari kuwa duk ɗaya suke. Lokacin farin nan Chencho yana Tucson a kan rufin wani, bai san Mocho ba, bai san abin da ya sha ba.

Na ƙirga a hankali, daga gindi zuwa baki. Layuka tara, a fili, ba ko tantama.

Abin da ya zo mini a rai shi ne wannan: zobe nawa ya tambaya. Bai ce shekara nawa ba. Da Don Apolinar ne, da cewa zai yi, "Ka san shi?" domin tambayar masu dutse ke nan. Wanda aka ɗora a kaina ko tambaya bai iya ba, kuma ni ba a biya ni don in gyara wa shugaba tambayarsa ba.

"Tara," na ce.

"Ka tabbata?"

"Tara na gani."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya yi alamar gicciye, ya juya ya raɗa wa baƙon magana. Mista Lindgren ya kwanta ya ɗora bindiga kan jakarsa. Ya daɗe yana saiti, daɗewar da za ta ishi mutum ya buɗe baki sau goma. Na gaya wa kaina ai tsoho ne, hannunsa na rawa, zai kuskure. Na gaya wa kaina iska za ta juya ragunan su tashi. Mocho ya miƙe ya yi miƙa, ya ba mu gefensa. Likitan haƙori bai kuskure ba.

Sai da muka yi kusan awa kafin mu ƙetara. Baƙon ya durƙusa ya cire hula, ya shafa wuyan ragon, hawaye na bin kumatunsa. Sannan aka zo hoto. A al'adarmu maharbi ke riƙe ƙahon dama, babban jagora ya riƙe na hagu, kuma hoton nan shi ake rataya a ɗakin taro. Sau goma sha huɗu ina ɗaukar irinsa ban taɓa shiga ba. Aka miƙo mini waya a karo na goma sha biyar.

"Compadre, aje ta kan dutse ta ɗauka da kanta, ka shigo."

"Bar shi. Ba wurina ba ne."

Ina kallonsa ta cikin wayar. Baki har kunne, hannunsa a kan ƙahon. Sai na ga babban yatsansa yana bin zobe ɗaya, yana zagayawa ta ciki, kamar yadda kowa ke yi ba tare da tunani ba. Yatsan ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi. Ya matsa zuwa zobe na gaba. Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma ya zama na gawa. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma na danna. Muka tattara kaya muka sauko.

Ofelia Murrieta tana jiranmu a bakin gari da la'asar. Ita ce ma'aikaciyar hukuma da ke auna ƙaho ta ɗaura masa lamba, mace 'yar firit mai tabarau, wadda ba ta karɓar ko kofi sai ta gama aikinta. Mutane sun taru, mata sun hura wutar gashi, wani har ya fito da jita. Aka sauke kan ragon a bayan a-kori-kura. Ta zagaya shi da tef, ta rubuta. Sannan ta sa farce a zobe na farko ta fara bi.

Ta bi sau ɗaya, ta cire tabarau ta goge, ta bi na biyu. Mai kiɗan ya daina kiɗa da kansa.

"Bakwai," ta ce. "Biyu na fari ne. Wa ya ƙirga?"

Mu uku ne kaɗai a bayan falalen nan, kuma na ukun bai ji abin da muka ce ba ko da ya ji. Na riga na shirya amsata tun a hanya, na jera ta kalma-kalma: abin da aka tambaye ni shi na faɗa.

"Ni ne," in ji Chencho.

"Kai kaɗai? Don Nicanor bai duba ba?"

"Ni ne jagora, señorita. Ni na ƙirga, ni na ce a harba. Ki rubuta haka."

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Na sunkuyar da kai ina duban tayar motar. Ta rubuta.

Chencho da kansa ya je ya gaya wa baƙon. Dattijon ya zauna a bakin motar kamar an zare masa laka. Ya yi magana mai tsawo, Ofelia ta fassara mana: ya ce shekara talatin yana ba da kuɗinsa don tumakin dutse su yawaita, bai taɓa kashe yaro ba sai yau. Chencho ya tsaya a gabansa da hula a hannu, ya ba shi haƙuri, bai kawo uzuri ko ɗaya ba. Can sai baƙon ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu, ya riƙe ya daɗe. Ina tsaye ina kallo, kuma wallahi har wannan riƙon sai da na yi ƙyashinsa.

Wasiƙa ta zo bayan wata ɗaya: babu takarda badi. Aka sallami masu gadi huɗu. Aka ja tankar ruwa aka ajiye a bayan ɗakin taro, aka sa duwatsu a tayoyinta, ga zafi na tafe. A kantin Doña Cuca sunan Chencho ya zama abin taunawa. Wani ya ce ai Turanci ba ya ƙirga zobe, wani ya ce a mayar da shi kan rufi. In na shiga sai a ja mini kujera a ce, "Don Nica, da kai ne da ba haka ba." Ni kuma in girgiza kai in ce kuskure ne, kowa na yi. Kwana huɗu na yi ina jin daɗin nan, kuma na ji shi sosai, abinci ma ya dawo mini.

A kwana na biyar aka ga a-kori-kurar Chencho ta nufi dutse da ganguna shida a baya. Da man aljihunsa, ba wanda ya sa shi. Inda mota ta tsaya ya ɗora wa alfadari, inda alfadari ya ƙi ya saɓa jarka a kafaɗa. Washegari ma haka, jibi ma haka. Kafin ƙarshen wata zancen kanti ya juya. Namiji ke nan, ya yi laifi ya amsa, bai laƙa wa kowa ba. Biyu daga cikin masu gadin da aka sallama suka fara binsa kyauta. Doña Cuca, wadda ba ta taɓa ba ko limamin coci kofi kyauta ba, ta fara ajiye masa burodi. Mutumin nan ya jefa garin cikin rami, kuma ga shi ana son sa fiye da ranar da aka zaɓe shi. Ni da ban yi komai ba, a ganinsu, sai kujerar ma aka daina ja mini.

Eduviges ce kaɗai ta taɓa wurin. Tana shanya a tsakar gida, ba ta ko juyo ba, ta ce:

"Tsoho, ragon nan da aka kashe, ba shi ne mai guntun kunnen da ka ishe mu da labarinsa ba? Wanda ka ce ya sha ruwa a hularka?"

"Masu guntun kunne da yawa a dutse."

"Haka ne," ta ce. Ta yarfa zanen gado ta rataya. "Da yawa kam."

Ba ta sake tayar da maganar ba, amma daga ranar ta daina tsokanata, kuma gidan ya yi mini faɗi.

Aka kira taro a farkon Afrilu. Ɗakin ya cika har waje. Chencho ya miƙe, rana ta ƙona shi ya yi baƙi, ya rame. Ya ce ya ajiye jagora. Aka fara gunaguni, wasu na cewa a'a, a yafe, ya ci gaba. Ya ɗaga hannu suka yi shiru.

"Ban san dutsen nan ba," ya ce. "Na ɗauka zan koya ina kan aiki, tumaki suka biya kuɗin makarantar. Ku ba wanda ya san kowane rago tun yana shan nono. Ku ba Nicanor Bracamonte."

Da aka ce a ɗaga hannu, nasa ya riga na kowa. Sauran suka biyo, wasu da sauri, wasu suna duban maƙwabci. Don Apolinar yana kujerar gaba, hannuwansa biyu a kan sandarsa, bai motsa ko ɗaya ba. Shi ma ya san Mocho, tare muka gan shi ranar farko. Ya dai dube ni sau ɗaya. Aka ƙirga aka ce na ci. Abin da na yi shekara goma sha huɗu ina jira ya zo hannuna, kuma Chencho ne ya miƙo mini shi, a gaban jama'a, ana tafa masa.

Ban jira gaisuwa ba, na fita ta ƙofar baya. Ashe ya riga ni. Yana bakin famfon gari yana cika ganguna, an bar ɗaya a ƙasa.

"Kama mini wannan," ya ce.

Muka ɗaga tare muka ɗora. Ruwa ya fallatsar mana a ƙirji. Ya ɗauko igiya ya fara ɗaurewa, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni.

"Me ya sa ba ka gaya musu ba?" na ce.

"Me zan gaya musu?"

"Cewa na duba."

Ya ja igiyar ya ƙulle, ya gwada ƙullin da hannu.

"Ai laifina ne da gaske. Tambayar banza na yi maka. Na ce zobe nawa, ban ce shekara nawa ba." Ya zagaya ɗaya gefen motar. "Kai kuwa ka amsa daidai. Na ƙirga su da hannuna, tara ne cif."

Na so ya zage ni. Da ya ɗaga murya, da ya kai mini duka, da na san abin yi. Na buɗe baki in ce wani abu a kan tsohon ragon da ke kwazazzabo, ko a kan farin nan, ko a kan taron farko da aka tsallake ni, sai na ga babu wanda zai fito da kyau.

"In takarda ta dawo," ya ce, "ka nemi mai yi maka Turanci. Jikan Doña Cuca da ke birnin Hermosillo ya iya. Ni ruwa zan ci gaba da kaiwa, ya fi dacewa da ni."

"Compadre…"

Ya buɗe ƙofa ya shiga, ya tayar da injin sai a karo na uku. Ya leƙo ta taga ya taɓa bakin hularsa, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo a hanya.

"Sai an jima, Don Nicanor. Allah ya taya ka riƙo."

Shekara ashirin da huɗu bai taɓa kirana da sunana ba. A wurinmu compadre ba a ajiye shi sai a bakin kabari, ko faɗa aka yi, ko kotu aka je. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga ina jin sunan nawa kamar na wani.

Mutane suka fara fitowa daga ɗakin taro. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu, suna cewa barka, barka, sabon jagora. Ina amsawa, ina duban fuskokinsu, kuma kowannensu ta saman kafaɗata yake kallo, can inda motar Chencho ke hawa da ganguna a hankali.